Buhu arba'in, suna ɗaya: tambayoyin masu koyon rubuta manhaja kan adana abubuwa masu kama da juna

Bayan la'asar nakan zauna da wasu matasa a nan Jos muna koyon rubuta manhaja. Wasu ɗaliban jami'a ne, wasu sun gama sakandare suna jiran sakamako, akwai kuma wanda yake taya mahaifinsa dillancin kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Kusan kowannensu, da ya kai mako na uku ko na huɗu, wuri ɗaya yake tsayawa cak. Ya iya adana abu ɗaya a kwamfuta, amma da abubuwan sun kai hamsin sai ya rasa inda zai sa kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa. Misalan duk da Python ne, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, domin da shi muke aiki.

Malam, buhun dankali arba'in nake son adana nauyinsu. Na rubuta buhu1, buhu2, har zuwa buhu40, kuma yana aiki. Ina laifin haka?

Yana aiki yau. Na ga irin wannan a kwamfutar yaron Farin Gada da na ambata: layi arba'in reras, kowane da sunansa, sannan a ƙasa wani dogon layi na tarawa wanda ya wuce faɗin allon, sai an ja shi gefe kafin a ga ƙarshensa. Da muka bi shi da yatsa, ashe buhu27 ya shiga sau biyu, buhu28 kuwa bai shiga ba. Kwamfuta ba ta ce uffan ba, domin a wurinta ba a yi kuskure ba.

Abin da ya kamata ka gane shi ne, kwamfuta ba ta san buhu1 da buhu2 'yan gida ɗaya ba ne. Kai ne kake ganin kamanninsu. Ita dai sunaye biyu take gani, kamar a ce ɗaya akuya ɗaya keke. Saboda haka ba za ka iya ce mata ta bi duk buhunan ta tara ba, sai dai ka kira kowane da bakinka. Kuma gobe idan mota ta sauke buhu na arba'in da ɗaya, manhajar kanta za ka buɗe ka yi wa gyara.

Maganin shi ne jeri, wanda a Python ake kira `list`. Suna ɗaya, kaya da yawa a ciki:

```
nauyi = [98, 102, 100, 95]
nauyi.append(101)
print(len(nauyi), sum(nauyi))

for kilo in nauyi:
    if kilo < 100:
        print("Bai cika ba:", kilo)
```

Waɗannan layuka ba za su ƙaru ba ko buhunan sun kai dubu. Duk ranar da ka ga hannunka yana manna lamba a wutsiyar suna, dakata, jeri kake nema.

Me ya sa ake fara ƙirga daga sifili? Yana rikita ni.

Domin lambar tana nuna nisan abu daga farkon jerin ne. Na farko yana bakin ƙofa, nisansa 0. Na biyu taku ɗaya, na uku taku biyu. Jeri mai abu biyar lambarsa ta ƙarshe 4 ce, kuma idan ka nemi `nauyi[5]` Python zai tsaya ya ce maka `IndexError`. Idan na ƙarshe kake so, `nauyi[-1]` ya isa. C da Java da JavaScript duk daga sifili suke farawa. Lua da R da MATLAB daga ɗaya. Mako biyu kawai, za ka saba.

Kowane lodi yana da garin da ya fito, da irin kayan, da adadi. Sai na yi jeri uku, ɗaya na garuruwa, ɗaya na kaya, ɗaya na adadi. Daidai ne?

A nan nake son mu daɗe, domin wannan kuskuren ya fi na farko haɗari. Na farko gajiya yake jawowa. Wannan kuwa ƙarya yake sa manhaja ta yi, kuma da fuskar gaskiya.

Jeri ukun nan babu abin da ya ɗaure su da juna sai matsayi: kana dogaro da cewa abu na uku a jerin garuruwa shi ne na uku a jerin adadi. Ranar da ka so ganin lodin da ya fi yawa, sai ka jera adadin daga babba zuwa ƙarami. Jerin adadi ya motsa, sauran biyun suna nan inda suke. Yanzu buhu talatin na mutumin Bokkos sun koma kan sunan mutumin Mangu. Ko ka goge lodi ɗaya daga jeri biyu ka manta na ukun, duk abin da ke ƙasa da shi ya goce da taku ɗaya. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu. Sai ranar biyan kuɗi, manomi ya zo da takardarsa, lissafi ya ƙi haɗuwa, a fara rantse-rantse a gaban rumfa.

Ka dubi littafin dillali na takarda. Ba ya ware shafi ɗaya na sunaye, wani na adadi. Layi ɗaya yake ja: wane, daga gari kaza, dankali buhu kaza, an biya ko ba a biya ba. Duk abin da ya shafi lodi ɗaya yana wuri ɗaya. Haka za ka yi a manhaja, da abin da ake kira `dict`, wato ƙamus, inda kowane bayani yake da mabuɗinsa:

```
lodi = [
    {"daga": "Bokkos", "kaya": "dankali", "adadi": 30},
    {"daga": "Mangu", "kaya": "dankali", "adadi": 12},
    {"daga": "Vom", "kaya": "kabeji", "adadi": 18},
]
lodi.sort(key=lambda x: x["adadi"])
```

Yanzu idan an jera, kowane lodi da kayansa yake tafiya. Idan an goge, gaba ɗayansa yake fita. Ni a ganina, wanda ya riƙe wannan tsari na jerin ƙamusoshi ya riga ya wuce rabin wahalar shekararsa ta farko, domin irin siffar da zai tarar ke nan a fayil, da rumbun bayanai, da saƙonnin da manhajoji ke aika wa juna ta intanet.

Ba wata dabara da manhajar za ta riƙa ƙirƙiro sunayen da kanta, buhu41, buhu42?

Akwai, ta hanyar `globals()` ko `exec()`, kuma ina roƙonka ka bar ta. Idan ka ƙirƙiro suna ta wannan hanya, sai ka sake wata dabarar kafin ka kira shi, kuma duk wanda ya karanta aikinka ba zai ga inda sunan ya fito ba. `exec()` kuma duk rubutun da aka miƙa masa zartarwa yake yi, har da wanda mugu ya shigar. Abin da kake so a zahiri shi ne ka nemo abu ta sunansa, kuma aikin ƙamus ke nan.

To yaushe zan ɗauki jeri, yaushe zan ɗauki ƙamus?

Ki tambayi kanki yadda za ki riƙa neman kayan. Idan bin su za ki yi ɗaya bayan ɗaya, ki tara, ki ƙirga, ki buga rahoto, jeri ya wadatar. Idan kuwa kullum tambayar ita ce "ina bayanin mai lamba kaza", ƙamus ya fi.

Bambancin yana cikin yadda suke nema. A jeri, Python daga farko yake farawa yana dubawa har ya samu, kamar wadda ta shiga kasuwar Terminus tana leƙa shago bayan shago. Kaya dubu goma, wataƙila dubawa dubu goma. A ƙamus kuwa, mabuɗin ake ɗauka a yi masa wani lissafi da ke fitar da lamba, lambar ta nuna gurbin da za a ajiye abin. Ranar nema sai a sake lissafin, a nufi gurbin kai tsaye, kamar wadda aka ba lambar shago. Shi ya sa girman ƙamus bai cika rage masa sauri ba. A kaya ɗari biyu ba za ki ji bambancin ba, kada ki damu kanki. A kaya dubu ɗari biyar za ki ji shi sosai.

Amma ƙamus yana da sharaɗi mai tsauri: mabuɗi ba ya maimaituwa. Idan kika sa sabon bayani da mabuɗin da yake akwai, tsohon ya tafi, ba sallama. Wata ɗalibata tana haɗa rajistar Islamiyyar unguwarsu, ta yi amfani da sunan yaro a matsayin mabuɗi. Ta shigar da yara sittin da biyu, manhaja ta nuna hamsin da tara. Mun san garinmu: aji ɗaya sai ki samu yara uku masu suna ɗaya, har sunan mahaifi ɗaya. Suna ba mabuɗi ba ne. Lambar waya ma ba ta da tabbas, ana canza layi, kuma gida guda kan yi amfani da waya ɗaya. Ki ba kowane yaro lambar rajista tasa shi kaɗai, wadda ba za ta canza ba, kuma ba za a ba wani ita ba ko ya bar makarantar.

Tun daga Python 3.7, wanda ya fito a 2018, ƙamus yana riƙe tsarin da aka shigar da kaya. Akwai kuma `set`, wanda ba ya karɓar abu sau biyu. Da shi za ki san garuruwa nawa ne kaya suka fito, ba tare da maimaici ba.

Ina jin ana maganar `class`. Dole ne sai na koye shi kafin in ci gaba?

Ba dole ba ne a makon farko, amma lokacinsa zai zo, kuma za ka gane da ya zo. Alamarsa ita ce ka fara mantuwa: a wani wuri ka rubuta "adadi", a wani "yawa", wani lodin kuma ka manta ba ka sa garinsa ba. Ƙamus ba ya hana ka, duk abin da ka zuba masa karɓa yake yi.

Ka taɓa tsayawa wurin masu buga bulo? Ƙarfen da suke zuba siminti da yashi a ciki guda ɗaya ne, bulon da ke fitowa ɗaruruwa, kuma duk girmansu ɗaya. `class` shi ne ƙarfen, kowane lodi kuma bulo ne:

```
from dataclasses import dataclass

@dataclass
class Lodi:
    daga: str
    kaya: str
    adadi: int
    farashi: int

    def jimla(self):
        return self.adadi * self.farashi
```

Idan ka zo ƙirƙirar lodi ka manta farashi, nan take Python zai tsayar da kai. Lissafin jimla kuma yana zaune tare da kayan da yake yi wa aiki. Sai dai ka sani, `int` ɗin da ka rubuta a gaban adadi bayani ne ga mai karatu. Python ba zai hana ka sa rubutu a wurin ba. Kuma `class` bai kore jeri ba. Bulon da aka buga ai sai an jera su, don haka lodin naka cikin jeri ko ƙamus za su zauna.

Na canza adadin lodi ɗaya, sai na ga duk sauran sun canza. Kwamfutata ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kusan kullum ga abin da ya faru: ka ƙirƙiri ƙamus ɗaya a wajen zagayen `for`, wato layukan da ke maimaita aiki a kan kaya ɗaya bayan ɗaya, kana canza abin cikinsa kana sake tura shi cikin jeri. Kana zaton ƙamus goma ka tara, alhali ƙamus ɗaya ne ka nuna sau goma. A Python, idan ka ce `b = a`, ba a yi kwafi ba; laƙabi ka ƙara wa abu ɗaya. Mutum ko da sunan yanka aka kira shi ko da laƙabi, shi ne dai zai amsa, kuma idan ya yi aski duk sunayen sun yi aski.

Ka ƙirƙiri sabon ƙamus a cikin zagayen, kowane juyi da nasa. Idan kwafi na gaske kake so, akwai `copy.deepcopy`. Haka nan ka guji `[[0] * 3] * 4` wajen yin tebur, domin layi ɗaya ne aka nuna sau huɗu.

Ina goge waɗanda aka biya a cikin zagaye, amma wasu suna tsallakewa.

Da ka cire abu, na bayansa yana matsowa gurbinsa, zagayen kuma ya riga ya wuce wannan gurbin. Kada ka cire kaya daga jerin da kake kan bi. Gina sabo (a nan kowane lodi yana da mabuɗin "an_biya"):

```
saura = [x for x in lodi if not x["an_biya"]]
```

Na rufe manhajar, na sake buɗewa, duk abin da na shigar ya ɓace. Ina ya tafi?

Jeri da ƙamus a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta suke zaune, wato RAM, ita kuwa da an rufe manhaja ko wuta ta yanke, ta saki komai. Abin da kike son ya kwana, sai kin rubuta shi a fayil.

Hanyoyi biyu ne masu sauƙi. JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, siffarsa kusan ɗaya da jerin ƙamusoshi, don haka `json.dump` ya rubuta, `json.load` ya dawo da shi. CSV kuma layuka ne da waƙafi a tsakani, kuma amfaninsa shi ne Excel yana buɗe shi, wanda zai duba lissafin ba sai ya iya Python ba.

Abu uku nake son ki kiyaye, dukansu sun taɓa cin mutane a gabana. Na farko, ki riƙa sa `encoding="utf-8"` duk sanda za ki buɗe fayil, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa wasu alamomi marasa ma'ana, ko rubutun ya ƙi shiga sam, musamman a kan Windows. Na biyu, JSON ba ya riƙe mabuɗi a matsayin lamba. Kin ajiye da mabuɗi 7, zai dawo a matsayin rubutu "7", ki nema da lamba a ce babu.

Na ukun ni ya faru da ni. Buɗe fayil da "w", wato don a yi rubutu a ciki, yana share abin da ke ciki tun kafin a rubuta sabo. Wani dare cikin sanyin hunturu ina aiki da tsohuwar kwamfutar tebur, manhajata tana tsakiyar ajiye bayanan wata guda aka ɗauke wuta. Da safe na buɗe fayil ɗin, fari fat, girmansa sifili. Kwana uku na yi ina sake shigarwa daga takardu. Tun daga ranar, a wani fayil na wucin gadi nake fara rubutawa, sai an gama lafiya in sa `os.replace` ya ɗora shi a kan tsohon.

Lambar waya da kuɗi, ai duk lambobi ne ko?

Lambar waya rubutu ce. Ba a tara ta, ba a raba ta, kuma sifilin farkonta yana da muhimmanci. Idan ka adana 080 da sauransu a matsayin lamba, sifilin zai faɗi, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. Excel ma haka yake yi idan ya buɗe CSV. Lambar NIN da lambar asusun banki duk haka za ka ɗauke su, rubutu.

Kuɗi kuwa, kada ka adana shi da ɗigo. Rubuta `0.1 + 0.2` a Python ka gani, amsar 0.30000000000000004 ce, domin kwamfuta da tsarin sifili da ɗaya take lissafi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama daidai a wannan tsarin. Ƙaramin abu ne, amma idan ana cire la'ada a lodi dubu yana taruwa. Ka adana kuɗi a kwabo, cikakkiyar lamba: naira 1,500 ta zama 150000, sai lokacin nunawa ka raba da 100. Kwanan wata kuma ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-09. A haka ko a matsayin rubutu aka jera su, tsarinsu zai fito daidai.

Yaushe zan koma rumbun bayanai?

Idan ka ga kana loda fayil gaba ɗaya don gyara layi ɗaya, ko kana rubuta sunan manomi ɗaya da lambarsa a lodi hamsin, lokaci ya yi. Matsalar maimaicin ita ce, ranar da ya canza waya sai ka gyara wuri hamsin, kuma za ka manta ɗaya. Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, shi ya kawo tsarin da ake bi har yau a 1970: tebur ɗaya na manoma, kowa layi ɗaya da lambarsa, wani tebur na lodi, kowane lodi yana ɗauke da lambar manominsa kawai. Gaskiyar kowane abu a wuri ɗaya take.

Ba sai ka sayi komai ba. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000, yana zuwa tare da Python, `import sqlite3` kawai za ka rubuta. Rumbun duka fayil ɗaya ne, kuma irinsa ne ke cikin wayoyin Android da iPhone. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, an gina shi ne yadda aikin zai shiga duka ko ya fasa duka. Kada ka manta da `commit()`, in ba haka ba abin da ka shigar bai zauna ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Kada ka haɗa umarnin SQL, wato yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, ta hanyar manna rubutun da mutum ya shigar. Sunayenmu cike suke da alamar hamza: Sa'adu, Mu'azu, Asma'u. Wannan alamar ita ce SQL ke rufe rubutu da ita, don haka sunan farko mai hamza zai karya umarnin. Ta wannan ƙofar ce kuma ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin. Ka sa alamar tambaya a gurbin, ka miƙa sunan daban:

```
c.execute("SELECT * FROM manoma WHERE suna = ?", (suna,))
```

Sai ranar da mutane da yawa za su riƙa rubutu a lokaci ɗaya daga wurare daban-daban za ka nemi manyan rumbunan bayanai irin su PostgreSQL ko MySQL.

A makaranta Java ake koya mana. Duk wannan ya shafe ni?

Ƙwarai. Sunaye ne suka bambanta. Jerin asali na Java da C girmansa a ƙayyade yake tun ranar ƙirƙira. Mai iya faɗaɗa a Java shi ne `ArrayList`, a C++ kuma `vector`. Ƙamus a Java `HashMap` ne, a JavaScript `Map`. Sai dai `HashMap` ba ya riƙe tsarin shigarwa kamar na Python.

Bayanan mutane nake tarawa, sunaye da lambobin waya da basussuka. Akwai abin da zan kiyaye?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Wanda ya ba ka lambarsa, ko aka rubuta bashin da ake binsa, amana ce a hannunka. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Kada ka tara abin da aikin bai buƙata ba; idan lissafin dankali kake yi, ba ruwanka da NIN ɗin manomi. Idan za ka nuna wa wani aikinka don ya taya ka gyara, ko za ka ɗora shi a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, cire fayil ɗin gaske ka sa na gwaji mai bayanan ƙirƙira.

Sannan ka riƙa yin kwafi. Kowace Juma'a, kafin ka rufe kwamfuta ka tafi masallaci, kwafi fayil ɗin zuwa filasha, ka sa kwanan wata a sunansa, ka ajiye filashar a gida, ba cikin jakar kwamfutar ba. Sau ɗaya a wata kuma ka buɗe kwafin a wata na'urar, ka ƙirga layukan, ka tabbatar sun yi daidai da na littafin.